Garin kunun Hajiya ta Ƙofar Ƙaura: abin da yake yi wa jini da ƙashi, da inda ƙarfinsa ya tsaya

A cikin lungunan Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina akwai wani gida da aka mai da garejinsa shago. Babu allo a ƙofa, babu suna a jikin leda. In kin tambayi yaran unguwa gidan Hajiya mai garin kunu, za su nuna maki. Mai shagon tsohuwar ungozoma ce, ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya, sannan ta kama wannan sana'a. Ni kuma malamar kimiyyar halittu ce a makarantar 'yanmata. Tun lokacin da autana ya isa cin abinci nake sayayya a wurinta, daga baya na ƙara da saya wa matar ƙanena da ke da juna biyu. Garin kunun yara da garin kifinta sun cancanci kuɗinsu. Zogalenta ba dole ba ne. Gishirinta na bukatar gyara. Kunun kanwarta kuwa ba na saya, kuma ba na jin daɗin yadda ake sayar da shi ga kowa.

Da kin shiga, ƙamshin soyayyen waken suya da gyaɗa ne zai fara tarbarki. Manyan robobi masu murfi jere a kan katako, sikeli a kan tebur, ledoji a gefe. Akwai labule tsakanin shagon da tsakar gida, kuma Hajiya ba ta hana mai saye leƙawa. Abin da za ki gani a bayan labulen shi ne dalilin da ya sa nake komawa: gero shimfiɗe a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, an lulluɓe shi da wani buhun, in aka ɗaga sai ki ga kowace ƙwaya ta fitar da ɗan farin tsiro. Gefe guda tire-tire ne na ganyen kuka da zogale a inuwa, an rufe su da gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. 'Yanmata biyu da kai a ɗaure suna tsince gyaɗa a faifai, suna ware wadda ta yamutse ko ta yi baƙi. Wannan tsintar ba ƙaramin abu ba ce, domin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da dafin afulatokzin mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi.

Haɗin garin shi ne wanda aka sani da Tom Brown: awo 6 na hatsi, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Mata da yawa na yinsa a Katsina, wasu har a gwangwani mai kyau da hoton jariri. Bambancin na Hajiya yana wurin abin da take yi wa hatsin kafin ya je inji, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan maganar take.

Gero yana da sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan lafiya ke kira ayon, yana da zink da magniziyam. Wake da waken suya ma haka. To me ya sa mu da muka tashi a kan fura da tuwon gero da wake muke fama da ƙarancin jini? Saboda a cikin ƙwayar hatsi da ta wake akwai wani sinadari, fayitet, wanda ke riƙe ayon da zink da kalsiyam, ya hana hanji ɗaukar mafi yawansu. Kamar kuɗi ne a akwatin da aka kulle: suna nan, amma hannu bai kai gare su. Idan aka jiƙa hatsin, ko aka bar shi ya tsira, ko ya tsima ya yi tsami, wani sinadarin da ke cikin ƙwayar sai ya farka ya fara karya fayitet ɗin, abin da ke ciki ya samu hanyar shiga jini. Iyayenmu da ke jiƙa gero su yi gasara su bar ta ta kwana kafin a dama koko, aikin da suke yi ke nan. Mu ne muka gajarta hanya, a wanke, a shanya, a kai inji.

Hajiya na jiƙa geronta ya kwana, ta tsane shi, ta bar shi ya tsira, ta shanya, ta murje tsiron, ta soya sama-sama. Dawa kuwa jiƙawa kawai take yi, ba ta bari ta tsira. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Malama, ke da kike koyar da kimiyya? Tambayi kowane makiyayi abin da ɗanyen tsiron dawa ke yi wa dabba." Gaskiyarta, tsiron dawa na da guba. Waken suya kuma dafa shi take yi ta cire ɓawon kafin ta shanya ta soya, shi ya sa kununta ba ya da ƙarnin nan da ke sa yaro ya kau da kai.

Akwai wata fa'ida ta tsiron da za ki gani da idonki a tukunya. Garin kunu na kasuwa in kin zuba cokali uku a ruwa sai ya daskare, dole ki yi ta ƙara ruwa kafin jariri ya iya haɗiya, a ƙarshe ruwa ne ya cika masa ciki. Wannan kuwa ko kin zuba gari da yawa kunun na nan da laushi, yana zuba daga cokali a hankali, saboda hatsin da ya tsira yana narkar da sitacinsa da kansa. Cikin jariri ƙarami ne. Duk kofin da ya sha, gara ya zama gari ne ya fi yawa a ciki.

Jariri na zuwa duniya da ajiyar ayon da ya samu daga uwa, wadda kan kai shi wajen wata shida. Nonon uwa, duk da albarkarsa, ayon ɗinsa kaɗan ne. Daga nan sai abin da aka ba shi a baki. A ma'aunin da Amurka ke amfani da shi, yaro ɗan wata 7 zuwa 12 na bukatar miligiram 11 a rana, alhali babban namiji miligiram 8 ya ishe shi. Mace mai al'ada 18, mai ciki 27. Aikin ayon shi ne gina himogulobin, jan sinadarin da ke ɗaukar iskar da muka shaƙa daga huhu zuwa ko'ina a jiki, kuma ƙwaƙwalwar yaro na bukatarsa a daidai shekarun da take girma da sauri. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya samu kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 da ƙarancin jini, mata masu shekara 15 zuwa 49 kuma kashi 58. Ina tuna waɗannan alkaluma duk lokacin da na ga ɗalibata ta hau bene ɗaya tana haki, ko tana tauna ƙanƙara a lokacin tara. Kwaɗayin ƙanƙara da na farar ƙasa, wanda muke ɗauka kwaɗayin ciki ne kawai, sau da yawa alamar ƙarancin ayon ce.

Sai dai ko an jiƙa an tsirar, ayon na tsiro bai kai na nama shiga jiki ba. Na hanta da saifa da jan nama da kifi shi ne hanji ke karɓa cikin sauƙi, kuma ɗan kaɗan daga cikinsu in ya haɗu da hatsi yana taimaka wa na hatsin ma ya shiga. Hajiya ta san haka, shi ya sa ba ta taɓa miƙa maki ledar garin kunu ba tare da ta tambaye ki me za ki haɗa da shi ba. Ni ce mani ta yi, "Ko hantar naira nawa ce, ki dafa ki murje masa a faten dankali sau ɗaya a mako. In babu, ga garin kifi. In lokacin fara ne, ki daka masa fara." Ta ƙara da cewa a bi kunun da abu mai bitamin C, gwaiba ko lemu ko mangwaro ko ruwan 'ya'yan kuka irin na kwalba da nono, domin shi ke ninka abin da jiki zai ɗauka. Kuma ta ja kunnena a kan shayi. Ganyen shayi na hana ayon shiga, saboda haka mai ciki da ke haɗa karin kumallo da kofin shayi mai kauri, ta bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsu. A gidajenmu da tukunyar shayi ba ta sauka, wannan shawara ta fi wuyar bi a kan sayen garin.

Abin da ya sa na yarda da matar nan ɗari bisa ɗari ya faru ne ina tsaye a shagon. Wata dattijuwa ta shigo da ɗiyarta mai tsohon ciki, ta ce a ba su garin ƙarin jini na wata guda, an ce masu yana aiki. Hajiya ta bar sikelin, ta jawo yarinyar bakin ƙofa inda haske yake, ta sa ɗan yatsa ta jawo fatar idonta ta ƙasa. Fari fat, babu ja ko kaɗan. Ta duba tafin hannunta, ta danna ƙafarta, yatsan ya bar rami. Sai ta ce, "Ɗiyata, wannan ya fi ƙarfin kunu. Gobe da sassafe ki je awo, a auna jininki, a gwada hawan jini, a duba fitsari." Ta juya ga uwar, "Yaya, don Allah kada ki bari ya kwana biyu. In ta dawo da magani, ku zo in ba ku garin ta haɗa da shi." Kuɗin na hannun dattijuwar, ba ta karɓa ba.

Wannan shi ne daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum, kuma in himogulobin ɗinta ya gaza giram 11 a ma'aunin asibiti, tana da ƙarancin jini. Babu kofin kunun da zai ba da wannan adadi. Matar ƙanena ta so ta ajiye ƙwayar da aka ba ta a awo saboda tana sa ta tashin zuciya, bayan gidanta ya yi baƙi ya yi tauri. Hajiya ce ta zaunar da ita ta ce baƙin ba cuta ba ne, ta sha da daddare bayan abinci, ta yawaita ruwa da ganye, kuma ta ɓoye kwalbar nesa da yara don ƙwayar ayon in yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi. Jininta ya ƙaru kafin haihuwa, kuma ƙwayar ce ta yi babban aikin, kunun taimako ya yi. Sannan ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ayon ba. Zazzaɓin cizon sauro na fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki da tsargiya na zubar da shi a ɓoye, mai sikila kuwa, musamman wanda ake yawan ƙara wa jini, ayon na iya yi masa yawa, don haka ba ya shan ƙwayar sai likita ya auna. Lemun malt da madarar gwangwani da ake kai wa marar lafiya da sunan ƙarin jini, sukari ne ya fi yawa a ciki. Madara ba ta da ayon na kirki, kuma zoɓo don ya yi ja ba shi ke nuna ya zama jini ba.

Garin kifin shi ne na biyu da nake so a shagon, watakila ma shi ne na farko in aka duba kuɗinsa. Ƙananan busassun kifi take saye, ta wanke yashi da ruwan zafi, ta sake busarwa, ta niƙa su gaba ɗaya har ƙaya da kai. Na murza shi tsakanin yatsuna, laushi kamar garin alkama, babu tsinin ƙaya ko ɗaya da zai maƙale wa yaro. Ƙayar nan ita ce kalsiyam. Kashi 99 cikin ɗari na kalsiyam ɗin jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙori, sauran kuma shi ke sa tsoka ta motsa, zuciya ta buga daidai, jini ya daskare in an ji ciwo. Babba na bukatar kusan miligiram 1,000 a rana. Littattafan da muka karanta sun koya mana cewa lanƙwasar ƙafar yara daga rashin bitamin D take, wato rashin hasken rana. Amma mu rana ba ta yi mana kaɗan ba. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna yaranmu masu wannan lalura sun fi warkewa da aka ba su kalsiyam, ko shi kaɗai ko tare da bitamin D, a kan waɗanda aka ba bitamin D kawai. Yaron da aka yaye aka ɗora a kan koko da tuwo, babu nono babu kifi, ƙashinsa bai samun abin ginawa. Ga mai ciki ma, a wuraren da abinci ke da ƙarancin kalsiyam, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 1.5 zuwa 2 a rana don rage haɗarin hawan jinin ciki da ke kai wa ga jijjiga. Duk wadda ta taɓa ganin mai jijjiga ba za ta raina wannan ba.

Ƙarnin garin kifin na da ƙarfi, ba na zuba shi a kunu. A miyar kuka nake sa shi da faten wake, autana kuma bai taɓa ƙi ba. Kukarta kore ce shar saboda a inuwa ta bushe, ita ma tana da kalsiyam mai yawa, haka riɗin da take sayarwa wankakke.

Kifin da waken suyan suna kawo zink, wanda jiki ba ya ajiye shi da yawa, sai an yi ta ci kullum. Shi ke taimakon girma, warkewar rauni, garkuwar jiki, har da jin ɗanɗanon abinci, shi ya sa yaron da ya rasa shi kan daina sha'awar ci. Wani likita, Ananda Prasad, shi ya fara bayyana alamun ƙarancinsa a jikin mutane a Iran a 1961, a wurin samarin da suka tsumbure ba su balaga a kan lokaci ba, abincinsu kusan gurasar alkama ce zalla kuma suna cin ƙasa. Fayitet ne dai a can ma. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce yaron da ke gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari tare da zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata shida ba miligiram 10. Hajiya ba ta sayar da magani, amma ta rubuta wannan da alli a bangon shagon, ta ja layi a ƙarƙashin adadin kwanakin, don ta ce iyaye na dainawa da zarar gudawar ta tsaya. Tana da tef ɗin awon dantse rataye a ƙusa. Yaron da dantsensa ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti take tura shi a ba shi abincin magani.

Zogalen ne ban ga dalilin kuɗinsa ba. A takarda garin zogale na da ayon da kalsiyam masu yawa, amma lissafin na giram 100 ne, kuma wa ke cin giram 100 na garin ganye? Ƙaramin cokali ake zubawa, daga cikinsa ma kaɗan ke shiga jini, ga ɗaci da ke ɓata kunu. A garin da ake tallar dafaffen zogale a kowane lungu, gara ki sayi kwano guda ki yi kwaɗo da ƙuli da tumatir, ki matsa lemun tsami, kowa ya ci ya ƙoshi.

Gishiri kuma ga inda matsalar take. Mai aidin take saye, wannan na tabbatar don na ga buhun. Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993, kuma albarkacin haka maƙoƙon da muka taso muna gani a wuyan tsofaffi ya ragu sosai. Babba na bukatar maikirogiram 150 kacal a rana, mai ciki 250, amma rashin wannan ɗan kaɗan ɗin na iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, taɓin da ba ya gyaruwa. To Hajiya na buɗe babban buhu ta ƙulla a fararen ledoji, ta jera su a tire a bakin ƙofa inda ranar la'asar ke dukansu, buhun kuma na nan baki buɗe. Zafi da danshi da iska na rage aidin. Na yi mata magana, ta ce in ba a bakin ƙofa ba mutane ba sa gani. Har zuwana na baya-bayan nan tiren na wurin. Ki sayi gishirinki a ledar kamfani da ba a buɗe ba, ki juye a kwalba mai murfi nesa da murhu. Abin yabo a nan shi ne garin kunun yaran babu gishiri babu sukari a ciki, kuma tana hana a sa wa wanda bai shekara ba.

Sai kunun kanwa na masu jego. Shi ya fi komai fita a shagon, iyayen miji da gwaggonni na saye tiya-tiya. Na san matsayinsa a al'adarmu, ni ma an dama mani. Amma kanwa na da sodiyam mai yawa, dangin gishiri ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, mu kuwa tsakanin gishirin miya da dunƙule da yaji mun riga mun wuce kafin a zo ga kanwa. Sodiyam in ya yi yawa yana riƙe ruwa a jiki ya ɗaga hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya ƙara nuna ƙarancin wani sinadarin, seleniyam, a jinin masu wannan ciwo. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne macen da ta haihu da hawan jini, ko kumburin ƙafa, ko numfashi sama-sama, ba ta da bukatar a ɗura mata kanwa safe da yamma. Hajiya ta ce ta rage kanwar sosai, kuma in ita ce a shagon takan tambayi lafiyar mai jegon. Na yarda. Amma ba kullum take nan ba, kuma yarinyar da ke tsare mata ba ta tambayar komai. Matar da ta ƙi karɓar kuɗin dattijuwar nan, ina ganin za ta iya yin kunun jego na gero da gyaɗa da kayan ƙamshi ba tare da kanwa ba, ta ce wa mutane wannan ne nata. Za su saya, don suna jin maganarta. Abin da mai jego ta fi bukata shi ne ta maido jinin da ta zubar, ta samu wake da ganye da dankali da ayaba masu fotasiyam da ke sassauta hawan jini, in dai ba ta da ciwon ƙoda.

Yarinyar shagon tana da wani hali kuma da ya kamata a tsawata mata. In Hajiya ta shiga ciki, sai ki ji tana ce wa masu saye garin na maganin ciwon suga da olsa da rashin haihuwa. Ba ya yi. Abinci ne mai kyau, kuma hakan ya isa a sayar da shi.

Babban gibin shagon shi ne leda babu rubutu. Babu ranar da aka niƙa, babu jerin abin da ke ciki, babu lambar NAFDAC. Akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, uwar da aka aiko wa garin daga nesa ba ta da yadda za ta sani. Garin kuma na da maiƙo saboda gyaɗa da waken suya, a zafin bazarar Katsina ba ya daɗewa yake canza wari. Ni kaɗan-kaɗan nake saye, in juye a roba mai murfi, in rubuta kwanan wata da kaina. Na so a ce ta kai samfur an auna mata a ɗakin gwaje-gwaje, ta san miligiram nawa na ayon da zink ke cikin kofi guda, ta buga a takarda ta manna. Na kuma ba ta labarin geron Chakti da cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta samar aka fitar a Nijar a 2018, wanda aka zaɓo shi saboda yawan ayon. Tsakaninmu da Maraɗi ba nisa, in ta samu mai kawo mata ta Jibiya, garin zai ƙara daraja.

Kuɗin ya ɗara na garin kunun da ake ƙullawa a kasuwa, kuma duk wadda ke da lokaci za ta iya yin irinsa a gida da rahusa. Hajiya ba ta ɓoye yadda ake yi, na ji ta tana karanta wa wata mata awon tiya-tiya har da yadda za ta gane tsiron ya isa. Ni aikin makaranta bai bar mani wannan lokacin ba, kuma injin unguwarmu ana niƙa barkono da komai a cikinsa, nata kuwa na garin kunu ne kaɗai. Autana na shan kunun da safe, nauyinsa na hawa a katin asibiti yadda ake so, tare da nono da sauran abincin gida.

Ana buɗewa bayan hantsi, a rufe kafin magariba, ranar Juma'a sai bayan an sauko masallaci. Tana karɓar kuɗi a hannu ko turawa ta waya. Da damina shanya na yi mata wuya, garin kunun kan yanke na kwanaki, garin kifi kuma ya yi tsada, don haka in kina da jaririn da zai isa cin abinci a watan Yuli ko Agusta, ki yi mata magana da wuri ta ajiye maki. Ki je da robarki mai murfi, kuma ki nemi ganin Hajiyar da kanta kafin ki saya.